Aiki daga takwas zuwa huɗu, ana neman 6.5 a IELTS: wata uku zai isa?

Abu_Hanifa_KN:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar nan. Mutum ne ma'aikaci, yana fita ƙarfe takwas ya tashi huɗu, ga iyali, kuma rabonsa da aji shekara tara. Jami'ar da yake nema a Ingila don digiri na biyu ta ce sai ya kawo 6.5 a IELTS, jarrabawar gwajin Turanci mai sassa huɗu (sauraro, karatu, rubutu da magana), kuma kada wani sashe ya gaza 6.0. Wata uku ya rage masa ya miƙa sakamako. Zai isa? Da wane sashe zai fara? Kuma dole ne sai ya shiga ajin kuɗi?

Malama_Rakiya:
Wa'alaikumus salam. Kafin a zo kan wata uku, a fara tabbatar da cewa jarrabawar ta zama dole. Jami'o'i da dama a Birtaniya suna karɓar Turancin WAEC, galibi daga C6 zuwa sama, a madadin IELTS. Wasu kuma suna karɓar takarda daga ofishin rajistara da ke shaida cewa da Turanci aka koyar da digirin farko. Sai dai kowace da sharaɗinta. Wata ta ce kada sakamakon ya wuce shekara kaza, wata ta karɓi WAEC ta ƙi NECO, wata kuma jami'ar ta yarda amma sashen da ake nema ya ƙi. Ya tura wa ofishin ɗaukar ɗalibai imel, ya ambaci sunan kwas ɗin da shekarar da ya yi WAEC, ya ajiye amsar da suka ba shi a rubuce.

Abu_Hanifa_KN:
Na gode Malama. An tambaya, sun ce WAEC ɗin ta tsufa, sai dai jarrabawa.

Dakta_Samaru:
To Malam Abu Hanifa, babu wanda zai iya ce maka wata uku ya isa ko bai isa ba sai an san inda mutumin yake tsaye yau. Wannan Asabar ɗin ya zauna ya yi cikakken gwaji ɗaya daga tsofaffin tambayoyin da Cambridge take bugawa, da agogo a gabansa, waya a kashe. Sauraro kamar minti 30, tambaya 40. Karatu minti 60, nassi uku, tambaya 40. Rubutu minti 60, aiki biyu. A jere, ba tashi shan ruwa, domin haka ake yi a cibiya.

Sauraro da karatu zai iya yi wa kansa maki. A ƙiyasi, amsa 23 daidai cikin 40 tana ba da 6.0, amsa 30 tana ba da 7.0, amsa 35 kuma 8.0. Mai neman 6.5 yana bukatar wajen 26 ko 27. Rubutu kuwa kada ya yi wa kansa hukunci, ya ba wanda ya san ma'aunin ya duba.

Idan gwajin ya nuna yana kan 6.0, wata uku ya isa sarai. Idan 5.0 ne, gaskiya da wuya. Cambridge tana ƙiyasta kusan awa 200 na karatu mai jagora kafin mutum ya tashi daga mataki ɗaya na ƙwarewar harshe zuwa na gaba. Ma'aikacin da yake samun awa takwas ko tara a mako zai tara wajen awa ɗari ne kawai a mako goma sha biyu. Wannan ya isa a koyi dabarar jarrabawa a kuma toshe kurakurai, amma bai isa a gina Turanci daga tushe ba.

Injiniya_Gwale:
Dakta ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: IELTS iri biyu ce, Academic zai yi rajista, ba General Training ba. Ana yawan wannan kuskuren, kuma jami'a ba za ta karɓi na biyun don digiri ba.

UmmuFaruk:
Kuma ya duba fasfonsa tun yau. Da fasfo ake rajista, kuma wanda aka yi rajista da shi shi za a nuna ranar jarrabawa. Idan ya kusa ƙarewa a sabunta tukuna, don idan lamba ta bambanta da wadda ke cikin rajista ana iya hana mutum shiga.

Bashir_Lissafi:
Bari in yi bayanin wannan sharaɗin na "kada wani sashe ya gaza 6.0", don shi ne yake kayar da mutane. Ana tara makin sassa huɗu a raba huɗu, sai a kai shi rabin maki mafi kusa. Idan ya faɗa kan 6.25 ya zama 6.5, idan 6.75 ne ya zama 7.0, idan 6.125 ne ya koma 6.0. Yanzu ɗauki wanda ya samu sauraro 7.5, karatu 7.0, magana 7.0, rubutu 5.5. Jimla 27, a raba huɗu 6.75, a takarda za a rubuta masa 7.0. Ya wuce abin da ake nema, amma jami'a za ta mayar da shi saboda 5.5 ɗin nan. Don haka ba sashen da mutum ya fi jin daɗi zai zauna a kai ba, wanda ya fi rauni shi ne zai ci rabin lokacinsa.

Malama_Rakiya:
Kuma ga yawancin ma'aikatanmu rubutu ne raunin, ba don ba su iya Turanci ba. Wanda ya shekara tara yana rubuta wasiƙar ofis hannunsa ya saba da wani salo: doguwar gabatarwa, jimla ɗaya mai layi biyar, manyan kalmomi, sai a ƙarshe a faɗi abin da ake so. Mai ba da maki ba wannan yake nema ba. Abu huɗu yake aunawa, kowanne kashi ɗaya cikin huɗu: ka amsa abin da aka tambaya, tunaninka ya bi tsari, kalmominka sun dace, nahawunka ya tsaya.

Aiki na biyu shi ne insha'i, kalma 250 mafi ƙaranci, a cikin minti 40, kuma nauyinsa ya ninka na aiki na farko. A kashe minti biyar na farko ba a rubuta komai ba sai tsari. A ja layi ƙarƙashin kowane ɓangare na tambayar. Idan an ce ka tattauna ra'ayoyi biyu sannan ka faɗi naka, abu uku ke nan, wanda ya bar ɗaya ya rage wa kansa maki ko da Turancinsa ya kai na Sarkin Ingila. Sakin layi huɗu ya wadatar. Gabatarwa jimla biyu ko uku, a cikinta ka bayyana matsayinka ƙarara. Sai sakin layi biyu, kowanne da hujja guda, bayaninta, da misali. Sai rufewa a jimla biyu, ba sabon batu. Hujja biyu da aka warware da kyau sun fi shida da aka jera kamar kayan miya.

Kalma 260 zuwa 290 ta isa. Mai kai 400 yana ƙara wa kansa kurakurai ne, kuma lokacin dubawa ya tafi.

Aminu_Tudun_Wada:
Malama, to me ya sa a wasu azuzuwan ake ba mutane jimlolin da za su haddace, a ce suna kawo 7? Ni a ganina ba laifi, tunda suna rage wa mutum tunani.

Malama_Rakiya:
Malam Aminu, haddar tsari daban, haddar jimla daban. Ka san cewa sakin layinka huɗu ne da abin da kowanne zai ɗauka, wannan daidai ne. Amma doguwar jimlar da za ta shiga kowace irin tambaya, masu duba takardu sun ga irinta ba adadi, kuma ba ta nuna komai game da iyawarka. Ta ma fi tona asiri, domin za a ga jimla ɗaya mai ƙyalli sannan waɗanda ke biye da ita su faɗo ƙasa. Haka kwafe kalmomin tambaya kai tsaye a gabatarwa, ba a lissafa maka su a matsayin naka.

Dakta_Samaru:
Kada a manta da aiki na farko, kalma 150 a minti 20. Za a ba ka zanen alƙaluma, ko jadawali, ko taswira biyu na wuri ɗaya a lokuta daban, ko zanen matakan yadda ake sarrafa wani abu. Babban kuskure shi ne a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ana karanto su. Dole a samu jimla biyu da suke faɗin hoton gaba ɗaya: me ya hau, me ya sauka, wanne ya fi girma, ina aka samu babban sauyi. Rubutun da babu wannan taƙaitawar yana maƙalewa a 5 a ma'aunin cika aiki. Sannan ba a faɗin dalili. Idan zanen ya nuna sayen shinkafa ya ragu, kada ka ce saboda tsadar rayuwa, ba a ba ka wannan ba. Kuma a duba shekarun da ke jikin zanen kafin a zaɓi lokacin aikatau. Idan daga 1990 zuwa 2010 ne, da shuɗaɗɗen lokaci za a rubuta duka.

Hauwa_Editing:
Ga wasu kurakurai da suka zama jiki a Turancin ofisoshinmu har ba a jin su, amma a can ana ƙirga su: informations, equipments, advices, furnitures, duk ba sa ɗaukar s. Discuss about, comprise of, despite of, a cire kalmar ƙarshe. Sai barin the da a a inda ake bukatarsu, da mantawa da s a aikatau idan mai aikin ɗaya ne. Ya ɗauki insha'i uku da ya rubuta, a ja masa jan biro, ya fitar da kurakurai biyar da suka fi maimaituwa. Minti uku na ƙarshe a jarrabawa waɗannan biyar ɗin kaɗai zai farauta.

Abu_Hanifa_KN:
Allah ya saka da alheri. To yaya za a raba lokacin? Mutumin da ya dawo gida biyar da rabi a gajiye, ga yara.

Injiniya_Gwale:
Kada ya dogara da dare. Bayan Isha'i kan ma'aikaci ya riga ya cika, zai riƙe littafi awa biyu bai ƙaru da komai ba. Bayan sallar Asuba ya ware minti 45 zuwa awa ɗaya, kwana biyar a mako. Litinin da Laraba insha'i ɗaya da agogo. Talata nassi biyu na karatu. Alhamis aiki na farko guda biyu. Juma'a ba sabon abu, gyaran abin da aka yi a makon kawai. Hanyar zuwa aiki da dawowa ta sauraro ce, ya sauke shirye-shiryen Turanci na BBC a waya tun a ofis inda akwai intanet da wuta. Da dare minti 15 na magana ya isa. Asabar da safe cikakken gwaji, da yamma bitarsa. Lahadi ta iyali ce. Wannan ya kai awa tara zuwa goma ba tare da an taɓa lokacin aiki ba.

Idan yana da sauran hutun shekara, ya ajiye kwana biyar zuwa makon ƙarshe.

Bashir_Lissafi:
Injiniya, a nan na ɗan saɓa maka. Cikakken gwaji kowace Asabar tun daga makon farko ɓarnar tambayoyi ce. Kowane kundi na Cambridge gwaji huɗu ne kacal a ciki, kuma gwaji aunawa yake yi, ba ya koyarwa. A yi ɗaya a farko, ɗaya a mako na huɗu, ɗaya a na takwas, sannan kowane mako a watan ƙarshe. Sauran Asabar ɗin a zauna kan nau'in tambayar da take kayar da mutum. Kuma ya buɗe littafin kurakurai, kowace tambayar da ya faɗi ya rubuta amsarsa, amsar daidai, da dalilin faɗuwa: bai san kalmar ba ne, bai ji ba ne, lokaci ne ya ƙare, ko bai karanta umarni ba. Bayan mako uku zai ga dalili ɗaya ko biyu ne suke cinye masa maki.

Injiniya_Gwale:
Na yarda da littafin kurakurai. Amma zaman awa biyu da minti arba'in ba motsi shi ma abin koyo ne ga wanda ya daɗe da barin makaranta. Rubutu ne a ƙarshe, lokacin da kai ya gaji, kuma shi ne sashen da muka ce ya fi rauni. A raba gardama, duk mako biyu.

Zainab_Kaduna:
Ba a yi maganar karatu sosai ba. Nassi uku, jimlarsu tsakanin kalma 2,150 zuwa 2,750, kuma babu ƙarin lokacin kwafe amsa. Kowace tambaya maki ɗaya ce, mai sauƙi da mai wuya, kuma ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka ba a barin gurbi. Nassin farko ya fi sauƙi, a gama shi a minti 16 ko 17 a tara wa na uku. Tambayar da ta ci minti ɗaya da rabi ba a gano ta ba, a sa mata alama a wuce.

Inda aka fi zubar da maki shi ne True, False, Not Given. Misali nassi ya ce an gina wata gada a 1985. Idan tambaya ta ce an gina ta kafin 1990, True ne. Idan ta ce bayan 1990, False ne, domin nassin ya ƙaryata. Idan ta ce ita ce gada ta farko a garin, Not Given ne, nassin bai ce e ba bai ce a'a ba. Masu ilimi su suka fi faɗawa wannan ramin, don suna amsawa da abin da suka sani a waje. Likita ya ga nassi kan zazzaɓin cizon sauro sai ya amsa daga asibiti. Abin da ke kan takardar kaɗai ake tambaya. A kula da ƙananan kalmomi irin su all, some, only, usually, sau da yawa a kansu amsar take juyawa.

Waɗannan tambayoyin suna bin jerin nassin, amsar ta biyar tana bayan ta huɗu. Na haɗa kanun magana da sakin layi kuwa ba sa bin jeri, kuma kada a zaɓi kanu don kawai an ga kalma iri ɗaya a sakin layin, galibi tarko ne.

Sadiq_Fagge:
Sauraro sau ɗaya ake kunnawa. Sashe na ɗaya ya fi sauƙi amma a nan ake asarar banza: ana karanto harufan suna sai a rikita A da E da I, ko G da J. Thirteen da thirty. Lambar waya a ce double four, ko a kira sifili da oh. Sannan mai magana yakan faɗi abu ya janye, ya ce Talata, a'a a mayar Laraba. Wanda ya rubuta ta farko ya ɗauke kunne ya faɗi. Idan umarni ya ce kada a wuce kalma biyu, ka rubuta uku, an soke ko da amsar tana ciki. Kuskuren harafi ɗaya ko barin s na jam'i shi ma sokewa ne. Kuma ba Turancin Landan kaɗai za a ji ba, akwai na Ostareliya da na Amurka.

Mahamadou_Zinder:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi digirin farko, babu zancen WAEC ko takardar rajistara. Wannan tsarin na wata uku zai yi mana?

Dakta_Samaru:
Malam Mahamadou, gwajin farko shi zai faɗa maka, amma a bisa al'ada wanda ya yi karatu da Faransanci ya ba kansa wata shida zuwa tara. Kuna da riba a karatu, domin kalmomin ilimi na Turanci da yawa tushensu ɗaya da na Faransanci. Wahalarku tana sauraro da magana, don haka ku juya jadawalin Injiniya, ku ba kunne da baki kaso mafi girma. Ku kuma yi hattara da kalmomi masu kama da juna amma ma'ana daban: actually ba actuellement ba ce, eventually ba éventuellement ba ce, library kuma ba kantin littattafai ba ne.

Hauwa_Editing:
Tunda an zo magana. Minti 11 zuwa 14 ce gaba ɗaya, da mutum kake yi ba da na'ura ba, kuma ana iya sa ta a wata rana dabam da sauran sassan. Kashi na farko tambayoyi kan aikinka da garinku da abin da ka saba. Na biyu a ba ka kati da batu, minti ɗaya na shiri, ka yi magana har minti biyu. Na uku tattaunawa mai zurfi kan batun. Ba a neman ka koma Bature, karin harshenka ba laifi ba ne muddin ana fahimtarka ba da wahala ba. Abin da Bahaushe zai gyara shi ne sautukan da suke canza ma'ana: p da f, kamar pull da full, v da b, kamar vote da boat, sai th da yake komawa s ko z, think ta zama sink. Da kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, da haɗiye ƙarshen kalma har worked ta zama work, wanda mai jarrabawa zai ɗauka kuskuren nahawu ne.

Maganinsa waya. Kullum kati ɗaya, a ɗauki murya minti biyu, a saurara, a sake. Yawancin mutane a makon farko suna tsayawa a daƙiƙa 50. Kuma a bar amsa da e ko a'a kawai don kunya ko girmamawa, ba hira da shugaban ma'aikata ba ce. Idan ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita.

Aminu_Tudun_Wada:
Ni fa ina ganin duk wannan wahalar, me zai hana ya yi wata jarrabawar Turancin, kamar Duolingo ko PTE? Sun fi sauri.

Bashir_Lissafi:
Idan jami'ar ta lissafa su a shafinta, zaɓi ne mai kyau. PTE kamar awa biyu ce a cibiya, maki daga 10 zuwa 90, sakamako galibi cikin kwana biyu. Duolingo kamar awa ɗaya ce a gida, maki daga 10 zuwa 160, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma tana son kwamfuta mai kyamara, ɗaki shiru ba mai shigowa, da wuta da intanet da ba za su yanke ba. Yaro ya turo ƙofa ko ka yawaita kallon gefe, ana iya ƙin tabbatar da sakamakon. Akwai TOEFL kuma, wadda aka gajarta zuwa ƙasa da awa biyu tun 2023. Sauƙin da ake faɗa dai ba sauƙin Turanci ba ne, kowacce da dabararta, kuma wanda ya yi wata biyu yana shirin IELTS ya sauya a makon ƙarshe ya koma farko.

UmmuFaruk:
A ƙara da wannan. Idan akwai yiwuwar makinsa ya gaza kaɗan har jami'a ta ce ya zo ya yi kwas ɗin share fage na Turanci kafin a fara digiri, yawanci IELTS for UKVI, wato wadda hukumar biza ta Birtaniya ta amince da ita, ake nema don bizar wannan kwas ɗin. Tambayoyi iri ɗaya ne, wahala iri ɗaya, bambancin a matakan tsaro ne da kuɗi. Wanda yake kan iyaka ya tambayi jami'ar wanne ya fi masa kafin ya biya, kada ya zauna sau biyu.

Nura_Dan_Kasuwa:
Akwai masu turo saƙo a WhatsApp da Telegram suna cewa za su ɗaga maki ko su ba da satifiket ba tare da an zauna ba. Yaya gaskiyar abin?

Malama_Rakiya:
Damfara ce, Malam Nura, ka toshe lambar. Jami'o'i ba takardar hannunka suke dubawa ba, suna shigar da lambar sakamakon a rumbun masu jarrabawar su gani da idonsu. Wanda aka kama da na jabu ya rasa gurbin, kuma idan ta kai ga biza ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara goma. Haka masu sayar da "tambayoyin gobe". Rajista ta hanyar British Council ko IDP ko cibiyar da suka amince da ita kawai ake yi.

Sadiq_Fagge:
Mu dawo kan tambayar Malam Abu Hanifa. Da wata uku a hannu, kada ya sa jarrabawar a makon ƙarshe. Ya sa ta a mako na tara ko na goma. Ta kwamfuta sakamakonta yana fitowa cikin kwana biyar ko ƙasa da haka, ta takarda kuma, inda har yanzu ake yin ta, kwana 13. Idan sashe ɗaya ya gaza, akwai damar sake wannan sashen kaɗai cikin kwana 60, amma ga wanda ya yi ta kwamfuta, kuma sai jami'ar ta yarda da irin wannan sakamakon, don ba duka suke karɓa ba. Akwai kuma neman a sake duba takarda cikin mako shida, ana biya, idan maki ya ƙaru a mayar da kuɗin. Wannan ya fi ma'ana a rubutu da magana. A sauraro da karatu amsa ko daidai ce ko ba daidai ba, da wuya ta motsa.

Zainab_Kaduna:
Amma kada a tura kowa kwamfuta haka kawai. Kalma 400 ne a awa ɗaya tare da tunani da gyara, kuma babu jan layin da yake nuna maka kuskuren harafi. Wanda yake bugawa da yatsa biyu yana neman haruffa zai wahala. Ya gwada: idan ba ya iya buga kalma 25 zuwa 30 a minti, ya ƙara minti goma na koyon bugu kullum. Ribarta kuwa tana ƙirga maka kalmomi, kana matsar da jimla ba gogewa, kuma mummunan rubutun hannu ba zai cuce ka ba. A sauraro minti biyu kawai ake bayarwa na dubawa a ƙarshe, ba goma irin na takarda ba. Duk wadda ya zaɓa, da ita zai riƙa gwaji tun yanzu, ya kuma kashe mai gyaran rubutu a kwamfutarsa.

Lakcara_Bichi:
Ga masu jiran tallafi, sakamakon shekara biyu yake aiki. Wanda takardunsa za su daɗe a hukuma kada ya yi saurin zama, kada ranar fara karatu ta zo sakamakon ya riga ya daina aiki. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, ta daina neman nata sakamakon Turanci, amma tana son gurbi marar sharaɗi daga jami'a, ita kuma jami'ar ba za ta cire sharaɗin ba sai ta ga makin. Don haka a ƙirga daga ranar da ake son takardar gurbin, a dawo baya.

Abu_Hanifa_KN:
An yi gwajin jiya kamar yadda Dakta ya ce. Sauraro 28, karatu 24, kuma lokaci ya ƙare saura tambaya shida a nassi na uku. Insha'in ya tsaya a kalma 210. Saura batun aji, ba a amsa mini ba.

Dakta_Samaru:
Wannan sakamakon ba na tsoro ba ne. Sauraro ya riga ya kai. Karatu matsalar agogo ce, rabin shidan nan da bai taɓa ba shi ne tazarar da ke tsakaninsa da 6.5, ya bi rabon lokacin da Malama Zainab ta kawo. A ganina ba ya bukatar aji. Abin da zai biya shi ne mai duba rubutu wanda ya san ma'aunin nan huɗu, insha'i biyu a mako, kuma kowanne a sake rubuta shi bayan gyara kafin a taɓa sabo.

Malama_Rakiya:
Dakta, ban ƙi ba, amma 210 a minti 40 tana nuna ba nahawu kaɗai ba ne, hujjar ce ba ta zuwa da wuri. Irin wannan yana amfana da zama da mutane, ko aji ko abokai uku da za su riƙa haɗuwa ranar Asabar suna warware tambayoyi da baki kafin a rubuta. Idan zai shiga aji, ya tambaya mutum nawa ne a ciki da kuma insha'i nawa ake dubawa a mayar masa a mako. Ajin mutum arba'in da ba a karɓar rubutu ba zai motsa shi daga 5.5 ba. Malam Abu Hanifa, a turo insha'in nan yadda yake, kada a gyara komai, tare da tambayar da aka amsa.

Hauwa_Editing:
A haɗo da muryarsa ta minti biyu a kan kati ɗaya, har yanzu ba mu san inda maganarsa take ba.